Alexander Popov: Gwanin Iyon Da Ya Samo Sauri Daga Tafiya Sannu

A watan Yuli na shekarar 1996, a birnin Atlanta na ƙasar Amurka, samari takwas suka jeru a bakin tafkin gasa domin zagayen ƙarshe na iyon mita 100 a wasannin Olamfik. Akasarin 'yan kallo Amurkawa ne, kuma sun zo ne da fatan ganin ɗansu, Gary Hall ƙarami, ya ƙwace kambi daga hannun wani dogon ɗan Rasha mai suna Alexander Popov. Da aka ba da alamar tashi, sai su biyun suka taho kankankan har zuwa bango, ta yadda idon ɗan'adam bai isa ya rabe wanda ya riga wani ba. Na'urar auna lokaci ce ta raba gardama: Popov daƙiƙa 48.74, Hall kuwa 48.81.

Bambancin da ke tsakaninsu kashi bakwai ne cikin ɗari na daƙiƙa ɗaya. Da yake gudunsu ya kai kimanin mita biyu a kowace daƙiƙa, idan aka juya wannan lokaci zuwa nisa, sai a tarar bai wuce santimita 14 ba, watau bai kai rabin rular da ɗalibi ke sawa a jakarsa ba. Bayan wata ɗaya da wannan nasara, Popov yana kwance a asibiti a birnin Mosko, likitoci suna ƙoƙarin ceton ransa. Bayan shekara bakwai kuma, yana da shekara 31 a duniya, sai ga shi ya sake zama zakaran duniya a gaban matasan da suka taso suna kallonsa a talabijin. Abin da ya ba shi wannan ɗorewa yana da bayani a cikin darussan fiziks da na nazarin rayuwa da ake koyarwa a makarantun sakandare.

Gasar da ake magana a kanta

Ana yin manyan gasannin iyo ne a cikin ginannen tafki mai tsawon mita 50, wanda aka rarraba shi layi-layi da igiyoyi, kowane ɗan wasa da layinsa. Salon iyo huɗu ne ake gasa da su: iyon rigingine, da iyon kwaɗo, da iyon malam-buɗe-littafi, sa'an nan da salon ganin-dama. A wannan na ƙarshe doka ta bar wa mutum zaɓi, amma kusan kowa rub-da-ciki yake yi, yana jan ruwa da hannu ɗaya bayan ɗaya, yana kuma kaɗa ƙafafu sama da ƙasa, domin babu salon da ya kai wannan sauri. Gajerun zango a wannan salo su ne mita 50 da mita 100. A jikin bangon ƙarshe akwai wani faifai mai aiki da lantarki, wanda yake tsai da agogo da zarar ɗan wasa ya taɓa shi.

Ba a samun ci gaba a wannan fage sai da kaɗan-kaɗan. A shekarar 1922 ne Johnny Weissmuller na Amurka ya zama mutum na farko da ya gama mita 100 cikin ƙasa da minti ɗaya. Sai da aka shekara 54 kafin Jim Montgomery, shi ma Ba'amurke, ya sauko ƙasa da daƙiƙa 50, inda ya yi 49.99 a Montreal a 1976.

Yaron da yake tsoron ruwa

An haifi Popov ranar 16 ga Nuwamba, 1971, a wani gari da ke yankin duwatsun Ural a tsohuwar Tarayyar Sobiyat. A wancan lokaci ana kiran garin Sverdlovsk-45, kuma ba a barin baƙi su shige shi saboda aikin makaman nukiliya da ake yi a cikinsa. Yanzu sunansa Lesnoy. Ya fara koyon iyo yana ɗan shekara takwas, bisa nacin mahaifinsa, alhali shi yaron tsoron ruwa yake yi. Da ya naƙalci abin, sai ya karkata ga iyon rigingine, daga baya kuma ya tafi birnin Volgograd domin karatu da ƙarin horo.

Al'amarinsa ya sauya a shekarar 1990, lokacin da ya shiga hannun wani mai horarwa da ake kira Gennadi Touretski. Shi wannan malami ya yi nazarin yadda gaɓoɓin jiki ke motsi bisa ƙa'idojin fiziks, kuma yana da sha'awar lura da yadda kifi da sauran halittun ruwa ke tafiya. Shi ne ya ɗauke Popov daga rigingine ya mai da shi salon ganin-dama. Shekara ɗaya kacal bayan haka, a gasar ƙasashen Turai ta 1991 a birnin Atens, yaron ya zo na ɗaya a mita 100.

Turjiyar ruwa

Kafin a fahimci abin da Touretski ya koya wa almajirinsa, sai an fara fahimtar abokin gabar mai iyo, watau ruwan kansa. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne, amma lita ɗaya ta iska ba ta wuce giram ɗaya da ɗan ɗori ba. Ke nan ruwa ya fi iska nauyi sau wajen 800. Wannan ne ya sa Usain Bolt ya yi gudun mita 100 a ƙasa cikin daƙiƙa 9.58, amma gwanin iyo yake buƙatar kusan ninki biyar na wannan lokaci a cikin ruwa.

Ƙarfin da ruwa ke sawa domin hana abu wucewa shi ake kira turjiya, kuma iri uku ce. Ta farko ita ce ta guga, wadda take faruwa saboda ruwa yana gogar fata da gashi da tufafi. Saboda ita ne masu gasa suke aske gashin jikinsu, suke kuma sa hular roba. Ta biyu ita ce ta siffa: ruwa yana taruwa ya danna gaban jiki, sa'an nan ya bar guguwa a bayansa wadda take jawo mutum baya. Duk wanda ya ɗaga kai har ƙugunsa da ƙafafunsa suka nutse, to, ya ƙara faɗin jikin da yake tunkarar ruwa da shi, ya ƙara wa kansa irin wannan turjiya. Ta uku ita ce ta igiyar ruwa, wadda mai iyo yake tayarwa a gabansa idan yana tafiya a saman ruwa.

Wani injiniya ɗan Ingila mai suna William Froude ya yi nazarin wannan ta uku a ƙarni na 19, ta hanyar jan ƙananan samfurin jirage a cikin wani dogon tanki. Abin da aka fahimta daga irin wannan bincike shi ne, gwargwadon saurin jirgi, gwargwadon tsawon igiyar ruwan da yake tayarwa. Idan tsawon igiyar ya kai tsawon jirgin, sai ya zama kamar yana ƙoƙarin hawan tudun da shi da kansa ya tara. Dogon jirgi yakan jima bai iske wannan iyaka ba, shi ya sa dogon kwalekwale siriri yake tsere wa gajere. Popov yana da tsawon kusan mita biyu, kuma idan ya miƙa hannu gaba, sai jikinsa ya ƙara tsawo. A ƙarƙashin ruwa kuwa wannan turjiya tana raguwa ƙwarai, shi ya sa doka ta ce dole kan ɗan wasa ya ɓullo sama kafin ya wuce mita 15 daga wurin tashi ko wurin juyawa.

Akwai wata ƙa'ida da ta fi duk waɗannan tsanani. Turjiya ba ta ƙaruwa daidai da sauri. Tana ƙaruwa ne kimanin daidai da sauri sau sauri. Idan aka ninka sauri sau biyu, turjiya ta ninku sau huɗu, ƙarfin aikin da ake buƙata a kowace daƙiƙa kuma ya ninku sau takwas. Alal misali, wanda yake son ya ƙara kashi 10 cikin ɗari a kan saurinsa zai gamu da ƙarin turjiya na kashi 21, domin 1.1 sau 1.1 ya ba da 1.21, kuma sai tsokarsa ta ba da ƙarin aiki na kashi 33. Ga ɗan wasan da ya riga ya kai ƙololuwar ƙarfinsa, samun irin wannan ƙari abu ne mai wuyar gaske. Amma idan ya gyara kwanciyarsa a cikin ruwa har ya rage turjiya da kashi 10, to, da ƙarfin nan da yake da shi saurinsa zai ƙaru da kimanin kashi uku da rabi. A tseren daƙiƙa 48, wannan ya haura daƙiƙa ɗaya da rabi, a fagen da ake rabuwa da kashi bakwai cikin ɗari na daƙiƙa.

Tsawon bugu da yawan bugu

Saurin mai iyo ya dogara ga abu biyu: sau nawa yake juya hannuwansa a minti ɗaya, da kuma nisan da yake ci a kowane juyi. Idan aka ninka ɗaya da ɗaya, sai a sami saurin. A ƙaddara wani yana juyi 60 a minti, kowane juyi yana cin mita 2. Wani kuma yana juyi 50 kawai, amma kowane juyi yana cin mita 2.4. Dukansu za su yi mita 120 a minti ɗaya. Sai dai na biyun yana da sauran dama a hannunsa, domin ran da gasa ta yi zafi zai iya ƙara yawan juyi, na farkon kuwa ya kusa ƙure nasa.

Touretski ya gina horonsa a kan abubuwa uku: miƙa hannu da nisa, da daidaiton kai da kawowar hannuwa, da sakin jiki. Ya so hannuwan Popov su riƙa aiki kamar filafili mai baki biyu da ake tuƙa ƙaramin kwalekwale da shi, watau lokacin da wannan hannu yake gama turin ruwa a baya, wancan ya riga ya fara kama ruwa a gaba, don kada a sami giɓi. Amfanin haka yana fitowa fili da ɗan lissafi. Wanda yake tafiya da saurin mita 2 bai ɗaya, turjiyarsa 2 sau 2 ce, watau 4. Wanda kuwa yake fizga, rabin lokaci yana mita 1 rabin lokaci yana mita 3, shi ma matsakaicin saurinsa mita 2 ne, amma matsakaiciyar turjiyarsa ita ce 1 a tara da 9 a raba biyu, watau 5. Tafiya ɗaya suka yi, amma mai fizga ya fi biyan kuɗin mota.

Hanyar da aka bi aka dasa wannan a jikin Popov ita ce ta ba mutane mamaki. Ga mutumin da gasarsa ba ta kai minti ɗaya ba, amma a kowane mako yakan yi iyon kilomitoci masu yawa, mafi yawansu a hankali, yana lura da shigar kowane hannu da kwanciyar kansa da juyawar ƙugunsa. Dalili kuwa shi ne, a tafiyar sannu kuskure ba ya ɓuya, kuma motsin da jijiyoyi suka maimaita dubban lokuta shi ne jiki zai yi da kansa a lokacin da gajiya da fargaba suka hana mutum tunani. Masu kallo sukan ce idan Popov yana gasa kamar ba sauri yake yi ba, sai an dubi agogo.

Inda ƙarfin yake fitowa

Tsoka tana da hanyoyi uku na samun makamashi. Akwai wani ɗan tanadi na sinadarin fosfokiriyatin a cikinta, wanda yake ba da ƙarfi nan take, amma yakan ƙare cikin kimanin daƙiƙa 10. Daga nan sai jiki ya koma farfasa sukarin da ya adana ba tare da iskar oksijin ba. Wannan hanya tana da sauri, sai dai tana tara tsami a cikin tsoka, shi ne zogin da ɗan wasa yake ji har hannuwansa su yi nauyi. Hanya ta uku, mai amfani da oksijin, ita ce mai ɗorewa, amma ba ta ba da ƙarfi da gaggawa.

A mita 50 hanyoyi biyun farko ne suke ɗaukar mafi yawan aikin, shi ya sa gwanaye da dama sukan yi numfashi sau ɗaya kawai, wasu ma ba sa yi sam, tun da juya kai yana ɓata miƙewar jiki. A mita 100 kuwa, rubu'in ƙarshe shi ne wurin wahala: tsoka ta yi tsami, bugu yana gajarcewa, ƙugu yana nutsewa. A nan ne sakin jiki yake da rana. Kowace gaɓa tana da tsokar da ke lanƙwasa ta da wadda ke miƙar da ita, kuma mutumin da ya ɗaure jikinsa yana sa su biyun su yi ta ja-in-ja, makamashi yana ƙonewa a banza. Wanda ya saki duk tsokar da ba ta cikin aiki yakan iso wannan wuri da sauran guzuri.

Shekarun nasara

A wasannin Olamfik na Basalona a 1992, Tarayyar Sobiyat ta riga ta wargaje, saboda haka Popov ya yi wasa ne a cikin tawagar haɗin gwiwa ta tsofaffin jamhuriyoyinta. Ya ci lambar zinariya a mita 100 da daƙiƙa 49.02, ya kuma ci ta mita 50 da 21.91, inda ya kayar da Matt Biondi na Amurka, wanda ya lashe gasannin biyu a Seoul a 1988. Bayan nan Touretski ya sami aiki a cibiyar wasanni ta Ostareliya da ke Kanbera, Popov kuma ya bi malaminsa can a 1993, amma ya ci gaba da yi wa Rasha wasa.

A watan Yuni na 1994, a Monako, ya yi mita 100 cikin daƙiƙa 48.21, ya shafe tarihin 48.42 da Biondi ya kafa tun 1988. Nasarar da ya yi a Atlanta kuwa ta mai da shi namiji na farko da ya ci zinariyar mita 100 sau biyu a jere tun bayan Weissmuller a 1924 da 1928. A can ma ya haɗa da ta mita 50.

Wuƙa a Mosko

A watan Agusta na 1996, 'yan makonni bayan komawarsa gida, wata hatsaniya ta tashi a bakin titi a Mosko tsakanin mutanen da yake tare da su da wasu masu sayar da kankana. A cikin rikicin aka soke shi da wuƙa a ciki. Wuƙar ta yanki jijiyar jini, ta shafi ƙoda, ta kuma taɓa tantanin da ya lulluɓe huhu. Aka yi masa aikin gaggawa, ya ɗauki kimanin wata uku yana jinya.

Ga mai iyo, rauni a ciki ba ƙaramin abu ba ne, domin tsokokin ciki da na baya su ne suke riƙe jiki a miƙe, su ne kuma suke sadar da ƙarfi tsakanin hannuwa da ƙafafu. Bugu da ƙari, ƙarfin tsoka da juriyar numfashi sukan fara zubewa cikin 'yan makonni idan mutum ya kwanta. Abin da ba ya saurin zubewa shi ne ƙwarewar da ƙwaƙwalwa da jijiyoyi suka riga suka haddace, kamar yadda wanda ya iya keke ba ya mantawa ko ya shekara goma bai hau ba. A watan Agusta na 1997, shekara ɗaya da aukuwar abin, Popov ya shiga gasar Turai a birnin Seville na Sifen, ya lashe mita 50 da mita 100. A farkon 1998 kuma ya riƙe kambinsa na duniya a mita 100 a birnin Perth. Daga gasar Turai ta 1991 zuwa wannan lokaci, duk sa'ad da ya shiga mita 100 a Olamfik, ko gasar duniya, ko ta Turai, shi ne ya zo na ɗaya.

Gaba da gabanta

Wanda ya karya wannan lago shi ne Pieter van den Hoogenband na ƙasar Holan, a gasar Turai ta 1999 a Istanbul. Popov bai karaya ba. A watan Yuni na 2000, a Mosko, ya yi mita 50 cikin daƙiƙa 21.64, watau mita 2.31 a kowace daƙiƙa, ya shafe tarihin da Tom Jager ya riƙe tun 1990. Ya yi wannan ne sanye da ɗan kamfai na gargajiyar masu iyo, a lokacin da abokan karawarsa suka fara sa riguna masu rufe jiki, kuma ba a shafe lokacin nasa ba sai a 2008. Amma a wasannin Sidni na 2000, van den Hoogenband ya sake kayar da shi a mita 100, ya tashi da azurfa, a mita 50 kuwa ya zo na shida.

Mutane da yawa sun ɗauka zamaninsa ya wuce. Sai ga shi a gasar duniya ta 2003, a Basalona inda ya fara yin suna, ya lashe mita 50, ya lashe mita 100 da daƙiƙa 48.42 a gaban van den Hoogenband, ya kuma taimaki Rasha ta ci gasar karɓa-karɓa ta mutum huɗu. Wannan lokaci ya fi wanda ya ci zinariya da shi a Basalona yana ɗan shekara 20, ya kuma fi na Atlanta. A wasannin Atens na 2004 shi ya riƙe tutar ƙasarsa, amma bai kai zagayen ƙarshe a gasanninsa biyu ba, kuma a farkon 2005 ya yi ritaya da lambobin Olamfik tara, zinariya huɗu da azurfa biyar.

Bayan tafiyarsa, abin da ya faru ya ƙara tabbatar da nauyin turjiya a wannan wasa. A 2008 da 2009 aka fito da rigunan iyo masu ɗauke da roba ta musamman, waɗanda suke matse jiki su sulɓe shi, su kuma ɗan ɗaga shi sama. A gasar duniya ta 2009 a birnin Rum kaɗai, sau 43 aka kafa sabon tarihi, ciki har da daƙiƙa 46.91 da César Cielo na Brazil ya yi a mita 100. Hukumar iyo ta duniya ta haramta irin waɗannan riguna daga farkon 2010. Sai a 2022 ne David Popovici na Romaniya ya shafe lokacin Cielo da 46.86, sa'an nan Pan Zhanle na ƙasar Sin ya yi 46.40 a wasannin Olamfik na Faris a 2024.

Kammalawa

Malami zai iya nuna wa ɗalibai mafi yawan waɗannan ƙa'idoji da babban baho na ruwa. A sa ɗalibi ya ja tafin hannunsa a cikin ruwan yana fuskantar gaba, sa'an nan ya karkata shi ya ja da gefe, zai ji bambancin turjiyar siffa. A sa shi ya ja a hankali, sa'an nan ya ninka saurin, zai ji yadda nauyin ya fi ninki biyu. Abu ɗaya da ya wajaba a yi wa ɗalibai kashedi a kansa shi ne gasar riƙe numfashi a kogi ko kududdufi, domin mutum yakan suma a ƙarƙashin ruwa ba tare da ya ji wata alama ba. Su gwanayen suna horonsu ne a gaban masu lura da su.

Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai. Popov ya fara da tsoron ruwa yana ɗan shekara takwas, ya shafe shekaru yana koyon yadda zai ratsa shi ba tare da ya yi kokawa da shi ba, kuma wannan iyawa ce ya tarar tana jiransa bayan ya tashi daga gadon asibiti, ita ce kuma ta kai shi bango kafin kowa yana da shekara 31.